Mataki na Biyu

Ba ta yi haushi ba. Abin da ya fara tayar mini da hankali ke nan, tun kafin in ji zafin. Karyar maƙwabcinmu ce, ja mai farin wuya, wadda ko akuya ce ta gifta sai ta cika unguwa da haushi. Ranar na kai wa Baba abincin rana a wurin mazarƙwaila, can bayan Likoro, na bi ta gefen tarin tuƙar rake, sai kawai na ji an riƙe mini ƙwauri. Ta saki, ta ja da baya, ta tsaya tana kallona shiru. Dokin da ke juya injin matse rake ya ci gaba da zagayensa. Ba wanda ya waiwayo sai da kwanon ya faɗi.

A wajenmu an san abin da ake yi. A kashe karen, a ƙona gashinsa a shafa a ciwon, a gasa hantarsa a ba wanda aka ciza. Masu dafa mazarƙwaila suka ritsa ta da sanduna, amma suka ce a jira mai ita ya taso daga aiki. Malamin firamare ne, Kirista daga kudancin Kaduna, gonarsa tana manne da tamu.

Baba ya goya ni a keke zuwa ɗakin shan magani. Dattijon da ke wurin, wanda kowa ke kira Likita ko da yake ba likita ba ne, ya daɗe yana wanke ciwon da sabulu. Bai ɗago ba ya tambaya ko an kashe karyar. Baba ya ce ƙila ana kai yanzu.

"Malam, hau kekenka ka koma. In ta mutu, ba mu da abin dubawa."

Ya nuna mini kantocin magani, wayam. Allurar cizon kare kuwa, ya fi shekara rabonsa da ganinta. Ya ce abin da ya rage shi ne a ɗaure karyar kwana goma. Idan ta kai tana ci tana shan ruwa, to babu cuta a yawunta ranar da ta cije ni. Bai faɗi sauran ba, ni ma ban tambaya ba. Baba ya isa an riga an kawo wuƙa, ya hana a yanka ta. Aka ɗaure ta a gindin tsamiyar bayan gidan malamin. Sau biyu Baba yana zuwa Zariya neman allurar, ya ratsa shingayen sojoji, ya dawo da ledar burodi kawai.

Sauran bayanin yana cikin akwatina. A shekarar na gama sakandare, littattafaina duk suna nan. Na ɗauko na darasin kiwon lafiya na sami shafin da rubutun hannuna. Malamarmu ta raba ciwon haukan kare mataki uku. Na farko, zazzaɓi da ciwon kai da ƙaiƙayi a wurin cizo. Na biyu, maƙogwaro ya ƙi ruwa, har ganinsa ya firgita mutum. Na uku kalma ɗaya ce, na ja mata layi da jan biro don na zaci za ta fito a jarrabawa.

A da, mataki kalma ce mai daɗin ji a kunnena. A makaranta kullum sama take kai mutum: ka gama wannan mataki ka hau na gaba, a tafa maka. Ban taɓa lura ba cewa duk wanda ya ce maka "na farko", ya riga ya gaya maka na biyu yana jira.

Kullum bayan azahar, lokacin da unguwa ke yin tsit, sai in leƙa ta ɓular danga. Karyar ta ƙi abinci. Ta ja igiya har ta goge mata wuya, ta fuskanci gabas, ba ta ƙiftawa. Idan na motsa sai ta juyo a hankali ta dube ni, ni da ita, kamar kowacce tana duba inda 'yar'uwarta ta kai. In na dawo gida sai in ɗebi ruwa a moɗa in riƙe, ina sauraren wuyana.

Rana ta biyu da yamma matar malamin ta lura nonon karyar ya cika yana ɗiga. Ta bi inda take kallo har wurin tarin tuƙar rake, ta tona. 'Ya'ya biyar, biyu da sauran numfashi. Ta kawo su a zaninta tana ta ba ni haƙuri, tana cewa, "'Yata, kin gani, ba hauka ba ne, jego ne." Na ruga wurin Likita da labarin. Ya ce madalla, amma mai jego ma tana iya ɗaukar cutar, kwana goma dai kwana goma ne.

Rana ta biyar zazzaɓi ya rufe ni. Kaina kamar ana sara. Ciwon ya soma ƙaiƙayi. Na shiga ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, na ce mata na shiga mataki na farko, kada ta bari ƙannena su matso kusa da ni, kuma in abin ya zo a ɗaure ni.

Ta ajiye audugar da take kaɗi ta dube ni.

"Ke 'yar boko, wa ya ce miki ciwo tsani ne? Sauron fadamar nan da ya cinye ki, shi ba ya cikin littafin?"

Na ce mata a rubuce yake. Ta ce ita a saninta mataki shi ne inda ƙafa ta taka, wanda ba a taka ba kuwa ba nawa ba ne tukuna, in daina share masa wuri. Ta miƙo moɗa ta ce in sha tana gani. Na karɓa na kai ta bakina. Na ga fuskata a ciki tana kaɗawa, maƙogwarona ya ɗaure tam. Na ce shi ke nan.

"Haɗiye, ja'ira. Ko in kira miki soja ya tsaya a kanki da bulala?"

Dariya ta kuɓuce mini, ruwan ya wuce. Daga ranar ta ɗauke littafin ta cusa ƙarƙashin tabarmarta, ta zauna a kai. Amma shafin yana kaina. Zazzaɓin ya sauka da ƙwayoyin da Likita ya bayar, tsoron bai sauka ba. Ko yanzu da nake wannan rubutu, wata biyu ke nan, idan rediyo ya ce an shiga mataki na biyu na wani shirin tsuke bakin aljihu, sai na taɓa wuyana.

Ranar cikon goma, da hantsi, Likita ya zo da kansa a kan tsohon babur ɗinsa. Mutane suka taru nesa da tsamiyar. Matar malamin ta tura kasko cike da ruwa da sanda. Karyar tana kwance 'ya'yanta biyu suna tsotso. Ta ɗaga kai ta dubi ruwan, ta daɗe, sannan ta dube ni. Ta miƙe, 'ya'yan suka zube. Ƙarar lasarta kaɗai ake ji, har ta kai gindin kaskon. Wata akuya ta gifta, ta daka mata haushi.

Likita ya juyo yana goge tabaransa.

"'Yammata, je ki gida. Babu abin da ke jikinki."