Biskit ɗin Kaka Saratu

Idan sanyi ya kama a garin Hyattsville na Amurka, kicin ne ɗakin hirarmu. Mama nas ce, aikin yamma take yi, saboda haka mahaifiyarta, Kaka Saratu, da aka ɗauko daga Jos, ita ke kula da ni da ƙanena Bitrus. Kaka ba ta yarda da hita, na'urar ɗumama ɗaki, ba. Ta ce ɗumin da ba a ganin wutarsa ba ya shiga ƙashi. Sai ta kunna oban ɗin gashi, ta jawo 'yar kujerarta gabansa, mu kuma mu zauna a ƙasa cikin bargo, muna kallon jan hasken ta gilashi.

Abu ɗaya take gasawa: biskit na ots da garin gyaɗa da ɗan sukari, ba ƙwai, ba madara. A gida da acca take yinsa, a nan kuwa ots, hatsin Turawa, shi ne a kusa. Taurinsa sai an tsoma a shayi. Bitrus ya taɓa yi mata ƙorafi da Turanci, ta amsa masa da Hausa: "Ba don daɗi ake yinsa ba, maigidana. Don ya yi doguwar tafiya ne bai lalace ba." Lokacin yaƙin basasa shi take ƙullewa a tsumma, ta ba direbobin manyan motoci su kai wa kakanmu Yohanna, wanda yake soja. Abin da muka sani game da shi ke nan.

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Amma akwai guda ɗaya da ba ta yi sai biskit na kan wuta.

"To, ga wata nan ta zo muku," za ta ce, mu ce ta shigo mu ji.

Wani maharbi ne ya tafi daji kashe dodon da ya addabi gari. Ya kashe shi, ya dawo, aka tarbe shi da kiɗa da guɗa. Amma tun daga ranar bai ƙara jin shiru ba, kullum numfashin dodon yana cikin kunnensa. Ya daina zuwa kasuwa. Ya daina ɗaukar 'ya'yansa. Masu kiɗa suka watse, abokai suka gaji. Matarsa kuwa ta dafa abinci, ta kawo, ta zauna.

"Sai me, Kaka?"

"Shi ke nan. Gobe ma ta dafa, ta kawo, ta zauna."

Haushi yake ba mu. Bitrus ya ce tatsuniyar ba ta da ƙarshe. Kaka takan buɗe oban kawai, tururi ya daki fuskarta, ta ce mu kawo kofuna.

Bitrus na gama sakandare ya shiga sojan Amurka. Mama ta yi kuka, ta yi faɗa. Da aka tura shi Iraki, Kaka ta riƙa cika gwangwani da biskit tana ba ni in kai gidan waya a aika masa. Hannuwanta sun fara rawa a lokacin, ni ke yi mata kwaɓi. Ta rasu yana can.

A daren zaman makoki Mama ta gaya mini cewa maharbin nan babanta ne, kakanmu Yohanna. Ya dawo daga yaƙi ba tabo ko ɗaya, amma har ya mutu bai iya kwana a ɗaki da ƙofa a rufe ba. Ta ce ba ta tuna muryar dariyarsa.

Bitrus ma ya dawo da ƙafafunsa da hannuwansa. Aka yi godiya a coci, aka ci shinkafa. Yanzu yana zaune a ɗakin ƙasa na wani gida a garin Clinton, labule a sauke rana da dare. Matar da ya aura ta yi iya ƙoƙarinta ta tafi, ban kuma ga laifinta ba. A da ina ɗauka tatsuniyar ta maharbi ce. Sai da na girma na gane ta matar ce, wadda ba wanda ya yi wa guɗa, kuma Kaka ba ta ɓoye mana ƙarshen ba. Ba ta da shi ne.

Kowace Lahadi bayan sujada nakan je wurinsa da kular abinci. Sau da yawa ba ma magana. Makon jiya ina zuba miya ya ce, da Hausarsa mai tsami, "Yaya Laraba, Kaka Yohanna ya warke kuwa?"

Na so in yi masa ƙarya. Na ce, "Bai warke ba. Amma bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Can ya tashi ya kwashe kayan da ke kan ɗayar kujerar, ya turo mini ita.