Kabarin da ba a kafa wa dutse ba

Ina shekara ta huɗu da fara tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a garin Alexandria na ƙasar Amurka aka haɗa ni da wani tsohon Bature. Sau uku a mako nake ɗauko shi daga dogon benen da yake zaune, in kai shi wankin ƙoda, in mayar da shi bayan azahar. Ya haura tamanin, matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana aure a wata jiha mai nisa. Baba nake ce masa, bai taɓa hana ni ba.

Wata rana ina sauke masa kekensa na marasa lafiya ya lura ina ɗingishi, ya tambaye ni ko ƙwallo ce ta yi min haka. Na ce ita ce. Na buga a Kaduna, na buga a Jos, na ɗan taɓa a Maradi, da gwiwa ta ƙi sai na haƙura. Ba maganar da na saba yi ba ce. Ko 'ya'yana direba kawai suka san ni.

Daga nan ya fara ba ni labarin kakansa, kullum kaɗan, tsakanin gida da asibiti. Mutumin Scotland ne, ɗan mahaƙin kwal, ya taso daidai lokacin da aka fara biyan mutane don su buga ƙwallo. Mai tsaron baya ne, bai taɓa yin suna ba. Shekara ɗaya nan, wata shida can. Ya tsallaka Ingila, ƙungiya ta ɗauke shi idan ɗan wasanta ya ji rauni, ta sallame shi idan wancan ya warke. In babu wasa sai ya koma dako a bakin tashar jirgin ruwa. Matarsa ta gaji da ɗaure kaya, ta zauna wuri ɗaya da yaranta. Da ƙafarsa ta fara nauyi sai ya shiga jirgi zuwa Amurka, wai masana'antu suna neman 'yan wasa. Wasiƙa biyu ya aiko gida, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Hoto ɗaya Baba yake da shi. Maza sha ɗaya da gashin baki, sun harɗe hannuwa a ƙirji. Na ƙarshe a layin baya ya motsa lokacin da ake ɗauka, fuskarsa ta zama kamar hayaƙi. Mahaifiyar Baba ce ta ce masa wannan ne kakan nasa, ita ma kuwa tana goye mutumin ya tafi.

Aiki ne ya kawo Baba ƙasar nan yana saurayi, amma neman kakansa bai taɓa barinsa ba. Sai da ya tsufa ya samo sunan a littafin mamatan wani ƙaramin coci kusa da garin Upper Marlboro, ba nisa da mu. An rubuta cewa lebura ne a gonar taba, ba shi da kowa. Ya roƙe ni in kai shi, tunda 'yarsa ba ta kusa.

Ranar Asabar da hantsi muka je da motata. Wata dattijuwa mai kula da maƙabartar cocin ta nuna mana wani fili a gefen shinge, ciyawa zalla. Ta ce nan ake binne baƙi a da, ba a kafa musu dutse, kuma ba wanda ya san wa ke ina. Na tura keken cikin ciyawar, tayoyi suna nutsewa.

"Matsar da ni kaɗan," in ji Baba. "Ban sani ba ko a kansa nake zaune."

Na matsar da shi. Sai ya tambaye ni, ranar da ƙungiyar Jos ta sallame ni, wa ya raka ni tasha. Na ce ba kowa. Ya gyaɗa kai, muka dawo gida.

Tun daga ranar kakan Baba ya zauna min a rai. Ina tsaye a danja sai in gan shi da jaka a kafaɗa, yana sauka daga jirgin ƙasa a garin da ba wanda ya zo tarbarsa. Wani lokacin tafiyarsa irin tawa ce.

Baba ya rasu da sanyi ya shigo. Ba wanda ya gaya min, sunansa kawai na ga babu a takardar aikina ta Litinin. Bayan mako biyu 'yarsa ta kira ni. Ta ce ya ambaci tafiyarmu kafin ya cika, tana so in nuna mata wurin.

Muka je. An yanke ciyawar, an kuma sake shingen, ko'ina iri ɗaya. Na yi ta dube-dube ban gane inda muka tsaya ba. Ita kuwa tana bayana riƙe da furanni, idonta jawur, tana jira. Na nuna mata wani wuri kusa da wata bishiya na ce nan ne. Ta durƙusa ta ajiye, ta yi min godiya sosai.

Duk shekara takan aiko min da gaisuwa, ta ce ta sake zuwa. Har yau ban gaya mata gaskiya ba.