Ranar da Na Ture Inna

Ƙofa ɗaya a zuciyar 'yata ba ta rufuwa da kyau, jini sai ya riƙa yoyo yana komawa baya. Aka yi mata aiki, zuciyar ta kasa ɗauka. Sai likitoci suka huda ƙasan haƙarƙarinta suka zura tiyo biyu, suka haɗa su da wani ɗan famfo da ke kwance a kan cikinta. Da idonka kana ganin jini yana shiga yana fita. Daga famfon kuma wani tiyo ya tafi ga na'ura a gefen gado. Shekarar yarinyar biyu.

Ma'aikaciyar jinya ta gaya min da Larabci: kada a ja, kada a danne. Na maimaita wa Inna da Hausa, ta ce to.

Ran nan Inna ta zo daga unguwar Misfala bayan la'asar, ta tarar yarinya tana ta tsala kuka, an gama wanke mata ciwon. Ni na juya ina wanke hannu.

"Haba ƙawata, uwarki ba ta iya rarrashi ba. Taho nan."

Ina waiwayowa na ga ta duƙa, ta cafki dantsen yarinya ta wurga ta baya, yadda ta goya mu duka. Famfon ya matse tsakanin cikin yarinya da bayan Inna. Tiyo ya miƙe. Na'ura ta ɗauki ƙara, kukan ya yanke.

Na rungumo yarinya da hannu ɗaya. Inna ta ƙi saki, tana laluben bakin zane. Na murɗe mata yatsu har na ji ƙas, na banke ta da kafaɗa. Bakinta ya daki ƙarfen gado. Ma'aikata suka shigo da gudu suna tsallake ta, ɗaya ta taka mata mayafi. Leɓen yarinya ya yi baƙi, bandejin ya jiƙe da jini. Suka fisge ta daga hannuna.

Can sai kukan ya dawo.

Inna tana zaune a ƙasa, jini har haɓa.

"Ta yi numfashi?"

"Ta yi, Inna."

"To miƙo min haƙorina, ga shi can ƙarƙashin gado."

Na durƙusa zan roƙi gafara, ta kawar da kai. Washegari ta dawo da yatsu a ɗaure. Ta ja kujera can jikin bango ta zauna. Da yarinya ta miƙo mata hannu, sai ta mai da nata baya.