Shafukan da Yaya Ya Manne

Yayana littattafan addini yake sayarwa, yana kuma ɗinke waɗanda suka yage. Shagonsa ɗan tsukut ne, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe. Warin gam da tsohuwar takarda ya kama jikinsa, har nakan tsokane shi cewa ko ido rufe zan tsamo shi a cikin taro.

Abin da aka san shi da shi, zaɓa wa yara littafi. Uwa za ta zo a fusace ta ce a ba ta wanda zai shiryar mata da yaro, ya ƙi salla, ya ƙi jin magana. Sai Yaya ya ce ta koma ta zo da shi, ai ba a yanka wa mutum riga ba a gan shi ba. In an kawo yaron ya zaunar da shi a kan kwali, ya yi ta jan sa da hirar ƙwallo da ta makaranta har ya gano inda ke masa ciwo. Mai tsoron duhu ya ba shi na gajerun addu'o'i. Ɗan saurayin da ke ganin ya riga ya lalace ya ba shi labarin mutanen kirki da suka taɓa yin kuskure. Ba ya son littafin da ke farawa da wuta da azaba, yakan ce a bar yaro ya fara sanin Mai rahama tukuna. Akwai uban da ya fita yana huci don an hana shi wani ƙaton littafi mai bangon ruwan zinariya da zai saya wa ɗan shekara bakwai. Yaya ya ce masa wannan matashin kai zai zama a gidansa.

Sai ga shi abin ya zo kan 'yarsa. Auta shekararta goma sha uku, bakinta irin nawa ne, shi ya sa muke shiri. Ciwo ya kama ta, aka yi ta zaryar asibiti har likitoci suka daina kallon idonmu in suna magana. Aka dawo da ita gida, aka jawo mata gado kusa da taga don ta samu hasken karatu. Kullum Yaya ya tashi daga shago da littafi a hammata.

Wata rana ta ce masa ya kawo mata wanda ke bayanin abin da ke faruwa da mutum bayan ya mutu. Ya kawo mata na falalar haƙuri. Ta karanta ta sake tambaya. Ya kawo na addu'o'in neman lafiya. Mutumin da ke gane damuwar ɗan wani cikin hira ɗaya, ga tasa tana faɗa masa ɓaro-ɓaro, ya mai da kansa kurma.

Da ta matsa, sai ya ɗauko wani littafi na matasa da ya yarda da shi, wanda babinsa na ƙarshe yake magana a kan mutuwa da kabari. Ya shafa wa shafukan babin gam siriri, ya danne su da ƙarfen matsi har suka zama kamar takarda ɗaya mai kauri. Aiki ya yi kyau, ba na hana shi wannan. Amma yarinyar da ta girma a cikin shagon nan za a ɓoye wa gam? Ina shiga gaishe ta ta miƙo min littafin.

"Gwaggo, duba, Baba ya manne min hanya."

Ban tsaya ko shan ruwa ba na nufi shago. Na wanke shi tas, na ce yarinya ta fi shi sanin halin da take ciki, ya bar ta ita kaɗai da tsoronta don ya lallaɓa nasa. Bai ɗago ba, yana ta zura zare a basilla yana kuskurewa.

"In na ba ta, na yarda ke nan," ya ce.

Duk masifar da na ɗauko ta zube. Tausayinsa ya kama ni, na zauna a kan kwalin yaran.

Bayan nan jikinta ya ƙara yin ƙasa, idonta ya daina ɗaukar ƙananan rubutu. Wani yammaci, ina nan uwarta na nan, ta sa aka ɗora wa Yaya littafin a cinya. Ta ce ita ba tafiyar ce ta fi damunta ba, sai dai a ce za ta inda ba ta san komai a kansa ba, alhali ubanta ya sani. Yaya ya tashi ya dafa ruwa, ya kara shafukan a tururi, ya sa bakin wuƙa a hankali. Gam ɗinsa ya fi ƙarfinsa. Takardar ta rabu, amma rubutun ya ɗaye, rabi nan rabi can. Ya ce bari ya ruga shago ya ɗauko wani. Ta riƙe masa hannun riga ta ce ya zauna, ai ya san shi da ka.

Ya zauna a bakin gadon ya fara. Ya faɗa mata wankan da za a yi, da sallar, da addu'ar da mutane za su yi mata, da rahamar da ta fi ta uwa ga ɗanta. Da ya zo inda aka ce mamaci yana jin takun masu rakiya in sun juya za su koma gida, sai maganar ta maƙale masa. Uwarta ta fita da sauri. Ni kuwa hawaye ya riga ya wanke min fuska.

Auta ta juyo da kanta gare shi.

"To Baba, in kun juya, ka bari kowa ya wuce tukuna. Ka taho kai kaɗai a baya, a hankali, don in gane naka."