Yaya Lucyna, Sun Ciro Ki Daga Ruwa

Allah ya yi wa yayata Lucyna Dembska rasuwa ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, a garinmu Sandomierz, bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya. Wanda ya ba mu aronta shi ya karɓi abarsa, ba mu da ta cewa. Ranar Juma'a muka binne ta kusa da mijinta, cikin sanyin da ya daskarar da ƙasa har masu haƙa suka sha wuya. Ta bar 'ya'ya biyu maza, Remek da Borys, da ni ƙanwarta Wanda, da iyalai masu yawa da suka koyi zama a tebur ɗaya a hannunta.

Yaya Lucyna, da ke zan yi magana, domin ban saba yin zancenki a bayan idonki ba.

Tun muna yara kika tsani wasan da mutum ɗaya zai tashi yana dariya saura su tashi da fushi. Babanmu ne ya jawo. In ya ci karta gidan yakan yi masa kaɗan, in aka cinye shi kuwa ko tari ba mai yi sai an kwana biyu. Shi ya sa da kika samu aiki a laburaren gari kika matsa wa shugabanninki lamba har suka ba ki ɗaki guda, kika cika shi da wasannin tebur irin waɗanda iyali ke haɗa kai a ciki, ana karanta labari daga kati ana yanke shawara tare, a tsira tare ko a faɗi tare. Na tuna wani direban bas da ya kawo 'ya'yansa wata Asabar. Ya saurari bayaninki har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama Lucyna, duk na ji, amma wa ke ci?" Kika ce masa, "In ka matsu sai ka ci wani, ga kogin da ke cikin wasan nan, shi ne abokin gabarka. Yaran nan naka ne." A jana'izarki yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawa.

Mutane kan dawo miki da kwalin wasa an ɓatar da ɗaya ko biyu daga 'ya'yan wasan, suna sunkuyar da kai. Ba ki taɓa ɗaure wa kowa fuska ba. Maɓalli kike cirowa daga aljihu ki cike gurbin. Akwai lokacin da na lura rigar sanyinki ba ta rufuwa, na yi miki tsiya har kika kore ni daga ɗakin.

Bayan kin yi ritaya kika ƙirƙiri naki wasan. Kin zana Kogin Wisla a kan faffaɗan kwali, daga nan garinmu har bakin teku a Gdańsk, kika sassaƙa ƙaramin jirgin gumagumai irin wanda kakanninmu ke kai alkama da shi, kowannenmu kuma kika yi masa ɗan mutum na katako. Duk Lahadi, bayan coci da romon kaza da taliya, sai mu yi zango ɗaya. Katunan da hannunki kika rubuta su. Yau jirgi ya kafe a yashi, wani makon matuƙi ya kwanta da zazzaɓi, sai mu yi ta gardama ko mu tsaya neman magani ko mu bi ruwa tun bai janye ba. In an tashi sai ki lulluɓe kwalin da mayafi, kowa yana inda yake, har wata Lahadin.

Ni na san dalilin wasan, ko da yake ba ki taɓa faɗa ba. Tun zaɓen da ya raba gidaje da yawa a ƙasar nan, 'ya'yanki suka daina magana da juna. Baƙaƙen maganganu suka gaya wa juna a wannan teburin, a gabanki, a kan 'yan siyasar da ko sunansu ba su sani ba. Ni a ganina mari kowanne ya cancanta, na kuma gaya miki haka. Kika ce maza masu furfura ba a gyara su da mari. Ba ki yi musu wa'azi ba, ba ki kai ƙara wurin Fada a coci ba. Cewa kawai kika yi jirginki ba ya tashi sai da mutum biyar, wato ke da ni, da su biyu, da Ilona matar Borys. Borys ya riƙa tuƙo mota daga Kraków duk mako, don ba ya iya ce miki a'a. Kina zama a tsakaninsu, Remek a damanki, Borys a hagunki, magana kuma ta bakinki take bi. "Mama, gaya masa ya daina ɓarnar igiya." "Mama, ce masa na ji." Raina yakan ɓaci, ke kuwa sai ki ƙara wa kowa shayi.

A dokar wasan, wanda ya faɗa ruwa, na damansa da na hagunsa ne ke ciro shi. Sai sun daidaita da bakinsu wa zai riƙe igiya wa zai miƙa sanda, sannan su ɗaga ɗan katakon tare su mai da shi cikin jirgi. Kafin nan jirgi ba ya motsi. Remek ya sha faɗawa, ni da ke muka ciro shi. Borys ma haka, ke da Ilona. Ke kaɗai ce ba ki taɓa faɗawa ba.

Lahadinki ta ƙarshe jirginmu yana dab da garin Toruń, katin guguwa ya fito, ya ce dole mutum ɗaya ya faɗa, mu zaɓa. Kafin wani ya buɗe baki kika ɗauki 'yar tsohuwarki mai jan kallabi kika ajiye ta a tsakiyar shuɗin kogi. Remek ya kafe idonsa a taga, Borys ya hau duba agogo. Kika ɗan jira, sannan kika ce kin gaji, a bari sai mako mai zuwa, kika ja mayafi. Washegari aka kai ki asibiti. Ban sani ba ko kin ji a jikinki, ba zan kuma yi miki ƙarya in ce na sani ba. Amma na san ki, ba kya ajiye abu inda ba ki nufa ba.

Abin da ya hana ni barci a makon nan ba mutuwarki kaɗai ba ce. Na san in suka rabu a bakin kabarinki ba su yi magana ba, shi ke nan, babu sauran mai tara su. Bayan abincin jana'iza muka koma gidanki da rana. Borys ko rigar sanyi bai cire ba, makullin mota na hannunsa. Remek ya ce da ni, ba da shi ba, zai tattara wasan ya kai laburare.

Na yaye mayafin, na ce, "Uwarku tana cikin ruwa."

Remek ya ce, "Haba Inna Wanda, wasa ne fa."

Na ce, "Na san wasa ne, ban rikice ba tukuna. Ga murfin kwalin wasan nan. In kun iya, ku rufe ta a haka."

Babu wanda ya taɓa murfin. Ilona ta ja kujerarta ta zauna, ni ma na zauna, muka bar taki a tsakiya ba kowa. Sun daɗe a tsaye. Can Borys ya ajiye makulli a tebur, ya dubi wansa ido da ido, abin da na manta rabon da in gani.

"Remek, kai ka riƙe igiya. Ka fi ni nauyi."

"Ƙiba kake nufi?"

"Kai ka faɗa, ba ni ba."

"To miƙa sandar mana, sarkin surutu, ka bar tsohuwa tana shan ruwa."

Suka sa yatsu tare suka ɗaga ki. Kin kusa suɓuce wa Remek, sai Borys ya tallafe shi da ɗaya hannun. Suka zaunar da ke a kan buhunan alkama. Daga nan kukan da suka ƙi yi a makabarta ya zo musu, kowa ya riƙe kafaɗar ɗan'uwansa. Ni ma na yi kuka, amma na farin ciki ya fi yawa a ciki.

Jiya Lahadi sun zo. Romona bai kai naki ba, sun kuma gaya mini ba kunya. Kafin a kwashe kwanuka sun fara musun siyasa, murya har waje, ni kuwa ban hana su ba, don da juna suke yi, ba ta bakin kowa ba. Da aka shimfiɗa kwali muka wuce Toruń. Kina zaune a tsakiyar jirgi, mun yanke cewa ba mai sauke ki sai a bakin teku. Za mu kai, Yaya, ba na shakka.

Allah ya jiƙanki da rahamarsa, ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutun da ba ya ƙarewa, haskensa ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Remek da Borys da Ilona, da abokan aikinki na laburare, da duk gidan da ke da kwalin wasa mai maɓalli a ciki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. 'Ya'yanki kuma, waɗanda suka ciro ki da hannu biyu, Allah kada ya sake raba hannuwansu.