Gilashin da ya ƙona takardar gyaɗa

Har yau ranar da aka sa ni buga takardar korar Baba Ilu ba ta fita daga raina ba. A shekarun 1950 ne, ina ƙaramin akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa a Fagge. Baba Ilu shi ne masinjanmu. Shugabanmu kuwa babban akawu ne, Mista Nwosu, mutumin Sabon Gari mai zafin rai.

A teburinsa akwai wani dunƙulallen gilashi na danne takardu, tsohon abu da wani Bature ya bar masa. A cikinsa ƙananan furanni ne ja da shuɗi, a jere kamar aikin hula. Baba Ilu kan goge shi kullum, ya tsaya yana kallonsa har sai an yi masa tsawa.

Ƙa'idarmu ita ce ba a loda gyaɗa a jirgin ƙasa sai da takardar jigila mai sa hannun manaja. Wata Litinin aka tarar da takardar ta ƙone a tsakiya, jirgi ya tafi ya bar kayanmu. Mista Nwosu ya ce wutar taba ce, kuma Baba Ilu kaɗai ke shiga ofis da safe.

"Maigida, ko a mafarki ban taɓa shan taba ba," in ji tsohon. Ba a saurare shi ba. Na buga takardar korar ba da son raina ba, don na san mutum tara yake ciyarwa.

Washegari da hantsi Baba Ilu ya zo karɓarta, ya ce, "Maigida, a bar ni in yi sallama da furannina."

Ya jawo gilashin da takardar da ke ƙarƙashinsa zuwa bakin taga. "Nan nake sa shi kullum. Sai rana ta shige shi suke buɗewa."

Muna tsaye sai ga hayaƙi siriri yana tashi daga takardar. Ashe gilashin ne ke tara zafin rana wuri guda, shi ya ƙona takardar jigilar da aka danne da shi.

Mista Nwosu ya yayyaga takardar korar. "Baba, ka yafe mini. Shekara shida gilashin nan yana gabana, ban taɓa kallonsa da kyau ba."

Na yi shekara talatin ina aikin ofis bayan haka. Ban sake buga wa kowa takardar kora ba sai na fara tambayarsa yadda abin ya faru.