Cyril Tranter da Motarsa Mai Tafasa

Da mijin yayata, Cyril Tranter, ya ce a tsohuwar motarsa zai raka gawar matarsa Glenys, duk gidan ba wanda ya yi mamaki, sai dai kowa ya shiga fargaba. 'Yarsu Hazel ta roƙe shi har da hawaye, ta ce akwai mazauninsa kusa da ita a baƙar motar masu jana'iza. Ya ce shi bai taɓa bin Glenys a motar wani ba, ba kuwa zai fara a ranar ƙarshe ba. Gidan ƙona gawa da za a kai ta kuma ba ya jiran kowa. Ana yanka muku lokacinku, in ya cika a ja labule a rufe akwatin, na bayanku su shigo da tasu gawar. Tsoronmu ɗaya ne, kada a yi sallama da Glenys mijinta yana tsaye a bakin titi.

Ni Mavis, ƙanwarta, na san motar nan tun tana sabuwa, kuma tun a lokacin nake jin haushinta.

Cyril ɗan birnin Coventry ne gaba da baya. Yana barin makaranta ya bi ubansa masana'antar motoci, aka sa shi sashen haɗa inji. Can ya ga Glenys tana ɗinkin fatar kujeru, ya yi ta zarya da kofin shayi har ta gaji ta aure shi. A shekarun saba'in masana'antar ta fito da wata mota mai ƙofa biyu, gajera kamar ta kwanta a ƙasa, da inji mai silinda takwas. Cyril na cikin masu haɗa injin. Ya shawo kan Glenys suka fasa gyaran kicin, ya sayi koriya shar.

Ba zan ci haƙƙin motar ba, kyau kam tana da shi. Gabanta katako ne mai sheƙi, cikinta ƙamshin fata. In ya tashe ta, ƙararta a ƙirji ake jinta kafin kunne, maƙwabta su ɗaga labule. A hanyoyin ƙauye wajen garin Warwick, inda ba kowa, tana shan kwana ba ko tangal-tangal, ta hau tudu ba sai an sauya giya ba. Sau ɗaya ya ɗauke ni zuwa bakin teku, na dawo ban zage shi ba har mako guda.

To amma fa kada a tsaya. Matar nan, kamar yadda yake kiran motar, ba ta son jira. Da ta shiga cunkoso sai allurar zafi ta fara hawa, ruwan lagireto ya tafasa, gaskit ɗin inji ya ƙone. Gishirin da ake watsa wa tituna da hunturu don narkar da ƙanƙara ya cinye ƙasan ƙofofinta. In an yi ruwa, fitila ɗaya ta mutu, ta warke da kanta bayan kwana biyu. Baƙin mai kuwa kullum yana ɗiga, har Glenys ta ajiye mata tsohon farantin gasa nama a ƙarƙashi, ta ce gara shi da ta riƙa wanke dandaryar gareji. Duk ƙasar an san halin injin. Masu hankali suka cire shi suka sa na wata mota, wasu suka ƙara fanka mai lantarki a gaban lagireto, suka huta.

Shi Cyril ko kusa. Da aka rufe masana'antar ya koma tuƙin motar kai burodi, sai abin ya zama masa addini. A mashaya, duk wanda ya ce injin banza ne, sai an shiga tsakani. Cewa yake yi injin lafiyarsa ƙalau, mutane ne ba su iya riƙonsa ba. Ni dai na gane inda ke masa ciwo. An ce masa aikin da ya ba ƙuruciyarsa kuskure ne, an rushe ginin an yi kantin sayayya, saura motar nan kaɗai da za ta ce ƙarya ne. Ya shiga ƙungiyar masu irinta, waɗanda ke taruwa a fili ranar Lahadi su buɗe murfin inji, alƙalai su zagaya suna leƙe. A wurinsu duk abin da ba daga masana'anta ya fito da shi ba aibi ne, ko da ƙusa ɗaya ce, sai a rage maki. Don haka Cyril ya ƙi fanka, ya ƙi babban lagireto. Ya gwammace ta tafasa a hanya da a ce ba ta asali ba ce.

Glenys ta sha zama a kan ciyawar bakin hanya da kwandon abinci, tana jira inji ya huce. Na sha ce mata ta yi masa tas. Sai ta yi dariya ta ce ai gara wannan da caca, kullum ta san inda mijinta yake, ƙafafunsa ne a waje, sauran jikinsa a ƙarƙashin mota. Haƙurinta ma haushi yake ba ni. Da ciwo ya kwantar da ita, gaskiya Cyril ya yi jinya, shi ke wanke ta, shi ke ba ta miya da cokali, bai leƙa garejin ba wata da watanni. Wannan ma ya ƙara mini tsoro, don motar ta daɗe ba ta motsa ba.

Ranar jana'izar ta faɗo a Yuli, rana ƙwal. Hazel ta ja ni gefe ta ce, "Anti, don Allah ki shiga motar Baba. Ko ba komai ya ji kunyarki." Na shiga. Ya goge ta tana ɗaukar ido, ya sa baƙin kwat ɗinsa na aure da ya yi masa yawa yanzu.

Kamar yadda aka saba, mai jana'iza ya fito da doguwar hularsa da sandarsa ya shiga gaban motar gawa a ƙafa, yana takawa a hankali har ƙarshen layi, don maƙwabta su yi ban kwana. Glenys mai jama'a ce, layin kuma dogo. Muka bi shi muna jan ciki. Ina kallon allurar tana barin tsakiya. Da muka hau babban titi na ce to Alhamdu lillahi, ashe ana gyaran hanya, motoci sun yi layi.

Cyril ya miƙa hannu ya kunna na'urar ɗumama cikin mota har ƙarshe. Dabarar masu irin motar ce, wai tana janye zafi daga inji ta zuba wa mutane. A tsakiyar Yuli, cikin baƙaƙen kaya! Gumi ya wanke mini hoda, takalmina kamar an sa a tanda. Na ce masa abin da ya zo bakina. Shi kuwa yana shafa sitiyari yana lallashin motar ƙasa-ƙasa, yadda na ji yana lallashin Glenys ta sha magani.

Motar ba ta ji ba. Wani fuuu ya tashi, tururi ya rufe gilashi. Cyril ya gangara gefe, motar gawar da ta su Hazel suka ci gaba, na hango Hazel ta juyo tana kallonmu ta gilashin baya.

Wani maƙwabcinsu da ke bayanmu ya tsaya ya buɗe mana ƙofa. Na kama hannun rigar Cyril na ce ya bar ta nan, ba mai sace gawar mota. Ya riga ya ɗaga murfin, ya cire tabaransa da tururi ya rufe ya ɗora a kan batir. Ya ce in aka zuba mata ruwan sanyi yanzu kan injin zai tsage, sai ta huce tukuna, kuma ba za ta daɗe ba, ya san ta.

"Cyril, matarka ce a akwatin can," na ce masa.

"Na sani, Mavis. Ki je ki riƙe mini wuri. A wannan nake kai ta ko'ina, a wannan zan raka ta."

Wallahi da ina da ƙarfi da na mare shi. Na shiga motar maƙwabcin na bar shi.

A gidan ƙona gawar, fasto ya yi iya ƙoƙarinsa na jan lokaci. Ya ja addu'a, ya sa aka maimaita baitin ƙarshe na waƙar da Glenys take so. Kowa sai waiwayen ƙofa yake yi. Daga baya wani ma'aikaci ya leƙo ya gyaɗa kai, labulen ya fara rufe akwatin. Hazel na tsaye a layin gaba da kujera ba kowa a gefenta, ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga fatata. Aka fitar da mu ta ƙofar gefe, inda ake jera furanni. Hazel ta ce kada wanda ya ƙara ambata mata sunan ubanta yau, ta wuce wajen shayi da sauran jama'a.

Ni na tsaya. Ba don tausayi ba, maganar da zan faɗa masa nake shiryawa, kuma na shirya ta tsaf.

Can sai na ji ƙarar nan da na sani daga bakin ƙofar shiga. Kafin in zagayo ginin ya ajiye ta a karkace ya shige ciki da gudunsa na tsofaffi. Na bi shi. Ɗakin ya cika da wasu mutane, baƙaƙen kwat, an juya mana baya, suna tsaye suna waƙa, wani akwatin a inda na Glenys ya tashi. Cyril ya lafe a layin ƙarshe, hannayensa baƙi ƙirin, bayan hannun dama ya tashi da ƙuna. Ba tabarau a fuskarsa, ba ya ganin komai sai dishi-dishi, bai san jana'izar wani ba ce. Yana haki, yana bin waƙar, hawaye na bin haɓarsa.

Na taɓa kafaɗarsa. Ya juyo ya matso da fuska har ya gane ni, ya yi murmushi, ya raɗa mini, "Kin gani? Na ce miki za ta kawo ni."

Na haƙura da duk abin da na shirya. Na zauna kusa da shi. Aka gama waƙar, faston ya buɗe littafinsa, ni kuma ina jiran ya ambaci sunan mamacin.